Dashen turare na kwalba, abin da na gani a gonarmu ta Mai Wurno, jihar Sennar a Sudan

Duk wanda ya taɓa sayar da itacen turare a tsaye, wannan da 'yan ƙasa suke ce wa ban ko kafur, ya san inda cinikin yake lalacewa. Ɗan kasuwa zai shigo gona ya bi layi layi yana ɗaga kai, ya ce wannan miƙaƙƙe ne zai yi sandar rufi, wannan ya karkace sai dai gawayi, wannan ya rabu biyu tun daga gwiwa, wancan kuma ya tsumbure, alhali rana ɗaya aka dasa su, ruwa ɗaya suka sha, a ƙarshe kuɗin da zai ba ka na 'yan miƙaƙƙun nan ne kawai, sauran kuwa kamar kyauta ya kwasa. Kuma ba ragwancin manomi ba ne, daga iri abin yake. Turare ƙudan zuma ne ke yi masa barbara, su tashi daga wannan bishiya su sauka a waccan, ga shi jinsunansa suna saurin cakuɗuwa da juna, itace ne da ya fito daga Ostireliya mai jinsi sama da 700, to ko ka ɗebi iri a gindin bishiyar da ta fi kowacce kyau a garinku uwar kawai ka sani, uban kam sai Allah, 'ya'yan kowa da halinsa zai fito.

Wannan ne ya kai mu ga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da ke rainon tsirrai a cikin kwalba, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu a 2023. Asalin sana'arsu ayaba ce da dabino, turare kuwa sai in ka kai musu buƙata, kuma aikin da suka yi mana shi ne su ɗauki tsiron bishiya ɗaya da muka zaɓa su hayayyafa mana ita, ba ta hanyar iri ba, ta yadda kowane dashe zai fito da halin uwar sak. Yanzu itatuwan sun girma har an fara taya su, shi ya sa na ga lokaci ya yi da zan faɗi yadda aikin nasu yake, mai daɗin da mara daɗin, saboda 'yan uwanmu na Sinja da Gadarif da Damazin masu tunanin shiga harkar.

Bishiyar da muka zaɓa ta kawuna ce, tana bakin magudanar ruwa a ƙarshen gonarsa, irin jan turaren nan da masana ke kira kamaldulensis. Miƙaƙƙiya ce ƙwarai, rassanta sai can sama, kuma tana tsaye a baƙar lakar nan tamu da ke riƙe ruwa da damina ta tsattsage da rani har ƙafar jaki ta faɗa, amma ita ko a jikinta, 'yan uwanta da aka dasa tare wasu sun mutu wasu sun karkace. Kowa a unguwar ya san ta.

Abu na farko da ya sa na yarda mutanen nan sun san aikinsu, da suka zo ba su karɓi reshen sama ba. Mu mun riga mun sa yaro ya hau ya saro rassa masu kyau mun ajiye a inuwa, injiniyar tasu ta duba ta ce waɗannan ba za su yi ba, turare in ya tsufa tsiron samansa yana da taurin kai wajen fitar da saiwa, za a iya samun ganye a kwalba amma saiwa ta ƙi fitowa, abin da ake so shi ne ɗanyen toho da ke fitowa daga gindi, kusa da ƙasa, shi ne yake da ƙuruciya. Ta ce hanya biyu ce, ko a sare bishiyar kututturen ya toho, ko a sassaƙe ɓawonta ta gefe ɗaya a gindi a jira. Kawu na jin maganar sara ya miƙe tsaye ya ce mini, "Kai ɗana, gaya mata wannan itacen ba a sa masa gatari ina raye." Na ce, "Kawu ka yi haƙuri, ai ta kawo hanya ta biyu, ɓawon kawai za a taɓa." Haka aka yi, aka sassaƙe wajen rabin zagayen gindin, bayan 'yan makonni sai ga toho ja-ja ya fito a ƙasan wurin, suka dawo da sassafe tun rana ba ta yi zafi ba suka yanka suka jera a akwatin ƙanƙara suka tafi da shi. Bishiyar tana nan har yau, wurin ya warke.

Sun bar ni na shiga na ga aikin, ta bayan gilashi dai, don ba a shiga ɗakin da takalmi ko kayan waje. Gaskiya abin ya burge ni. Tohon nan ana wanke shi da sabulu, a tsoma a sifirit na ɗan lokaci kaɗan, a jiƙa a ruwan bilic, a ɗauraye da dafaffen ruwa sau da yawa, sannan a yayyanka shi gaɓa gaɓa a kan wani tebur da iska tatacciya ke busowa ta cikinsa, kowane yanki bai kai tsawon gaɓar yatsa ba kuma da idonsa guda. Sai a kafa shi a kan wani abinci mai daskarewa a gindin kwalba. Abincin nan ba sirrin kowa ba ne, haɗin wasu masana biyu ne a Amurka, Murashige da Skoog, tun 1962, kuma kusan duk ɗakunan irin wannan aiki a duniya da shi ko danginsa suke amfani, gishirin taki ne kala kala da bitamin da sukari giram 30 a kowace lita, a sa garin da ke daskarar da shi, a dafa a tukunyar matsi a zafi digiri 121 don kada ƙwayar cuta ko ɗaya ta tsira. Ɗakin rainon kuwa sanyinsa a wajen digiri 25 yake dare da rana, fitilu na kunne awa 16 a kashe awa 8. A ƙasar da watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce 40, ka ga kenan rayuwar abin gaba ɗaya a hannun wutar lantarki take.

Wani yaro Bahaushe ɗan Gadarif da ke aiki a wurin shi ya riƙa yi mini bayani, Allah ya saka masa da alheri. Ya ɗauko mini kwalabe biyu na bishiyarmu ya ɗaga su a hasken fitila, ɗaya abincin cikinta garau, ɗan tsiron ya fitar da 'yan ganye ƙanana kore shar, ɗayar kuwa zagayen gindin tsiron ya rine ya yi baƙi-baƙi, tsiron kansa ya ƙone. Ya ce, "Yaya, wannan ita ce masifar turare, in ka yanke shi yana zubo da wani ruwa daga jikinsa ya kashe kansa da kansa." Maganinta shi ne su riƙa canja masa kwalba a kai a kai a kwanakin farko, su zuba garin gawayi na musamman a cikin abincin ya tsotse dafin, wani lokaci da bitamin C, su kuma ajiye shi a duhu na 'yan kwanaki. Ban da wannan ga fumfuna, don itacen da ya girma a fili yana ɗauke da ƙwayoyi har cikin jikinsa inda bilic ba ya kaiwa, sai ka ga kwalba ta yi kyau mako guda sannan farin abu ya lulluɓe ta, a jefar. Ba su ɓoye mini ba, mafi yawan yankan farko asararsu aka yi, 'yan kaɗan da suka tsira su ne tushen duk abin da muka dasa.

Wanda ya tsira sai a sa masa maganin da ke sa toho, BAP suke ce masa, ido ɗaya ya fitar da cunkus na 'ya'ya, duk bayan kamar mako 4 a rarraba su a sabbin kwalabe. A lissafin takarda in ɗaya na ba da 4 duk wata, a wata 6 ka samu 4,096, amma wannan takarda ce, a zahiri wasu na ruɓewa, wasu su kumbura su yi ruwa-ruwa ba su da amfani. In an tara adadin da ake so sai a canja abinci, a cire maganin toho a sa na saiwa, IBA, sai fararen saiwoyi su fara leƙowa ta gindin kwalba.

Akwai tambaya ɗaya da nake roƙon duk mai zuwa irin wannan wuri ya yi, dan Allah kada a ji kunya: daga ido kuke fitar da tohon kai tsaye, ko sai kun bi ta dunƙulen nama? Don akwai wata hanya da ake ɗaukar ganye ko ɗan kara a sa shi ya kumbura ya zama wani dunƙule marar siffa, sannan daga dunƙulen a tsiro da sabbin tsirrai. Hanya ce ta gaske, masu bincike na amfani da ita sosai musamman masu son sauya halittar itace, amma a nan ne ake samun wasu su fito da halin da ba na uwar ba, kai kuma kuɗin da ka biya ai don su yi kama da uwar ne. Su daga ido suka yi mana, kuma da na tambaya ba su ji haushi ba, sai ma suka nuna mini.

To yanzu inda suka ɓata mini rai. Lokaci. Sun ce mana 'yan watanni, muka gyara fili muka haƙa ramuka muna jiran mu dasa da ruwan farko, damina ta zo ta wuce ba dashe, ramukan suka cike, sai damina ta gaba muka samu. Na fahimci dalilan, ga ɗaukewar wuta, ga janaretan da sai an nemo masa mai, ga shi turare ba ayaba ba ne da suka saba, kowace bishiya da yadda take karɓar magani sai an gwada an sake gwadawa. Amma abin da ya fi ciwo shi ne shirun, ka kira a ce maka "in sha Allahu ya kusa", ba wanda zai zaunar da kai ya ce malam wannan shekarar kam ba za ta yiwu ba ka shuka dawarka ko riɗinka a filin. Manomi asarar damina guda ba ƙaramin abu ba ne gare shi, kuma su masu ilimi sun san tun farko cewa aiki daga tsohuwar bishiya yana iya cin shekara ko fiye, kamata ya yi su faɗa tun ranar da suka karɓi kuɗin kafin alƙalami. A wannan kam ban ba su uzuri ba.

Abu na biyu, kuma shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane, farashi biyu suke da shi. Akwai mai sauƙi, su ba ka tsiron da bai daɗe da fitowa daga kwalba ba kai ka ƙarasa rainonsa, akwai mai tsada wanda suka riga suka horar ya saba da iska da rana yana cikin ledarsa. Mu mai tsadan muka ɗauka saboda yaron nan ya ja ni gefe ya ba ni shawara. Wani maƙwabcinmu da ya kai musu tasa bishiyar bayanmu ya ɗauki mai sauƙin, wallahi na je na gani da idona, cikin 'yan kwanaki yawancinsu sun kwanta, ganyen ya yi laushi ya manne da kara, mutumin kamar ya yi kuka. Shi tsiron kwalba kamar bakwaini ne da aka fito da shi daga kwalbar asibiti, a ciki ya saba da laima kusan ɗari bisa ɗari, ganyensa bai yi kakin da ke hana ruwa fita ba, 'yan ƙofofin numfashin ganyen ba su iya rufewa da kyau ba, abinci ma sukari ake ba shi a shirye bai koyi yin nasa sosai ba, to ka ɗauko shi ka sa a iskar Sennar ta rani me kake tsammani. Sai an wanke abincin da ya manne a saiwar tas don kada ya jawo ruɓa, a dasa a tsabtataccen yashi ko abin da ke tsane ruwa, a rufe da leda a ƙarƙashin rumfa, a riƙa fesa ruwa, a riƙa buɗe ledar kaɗan kaɗan tsawon mako 4 zuwa 6, sannan a fara nuna masa rana. A ganina bai dace su sayar wa manomin da ba shi da rumfar raino irin wannan tsiron ba ko da shi ya nema, ko kuma su yi masa bayani dalla dalla. Araha ba ta ado, amma mai sayarwa ma da nasa hakkin.

Namu da suka iso a bayan mota, tsawonsu kamar kamu ɗaya da rabi, karan ya fara ja ya yi ƙwari, lafiya lau. Sai dai da muka yaga ledojin mun tarar wasu saiwarsu ta naɗe a gindin leda don sun daɗe a ciki, sai da muka datse kafin mu dasa. Duk mai karɓa ya yaga leda biyu ko uku a gabansu ya duba, saiwa fara mai rassa ake so, ba wadda ta murɗe ba.

Mun dasa mita 3 tsakanin kowanne ta kowane gefe, faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, kenan yana cin dashe wajen 466. A gefe kuma muka sa layuka na dashen iri na gandun gwamnati don mu gwada, ƙasa ɗaya ruwa ɗaya. Kada wani ya ce maka na kwalba gara ba ta cinsa, ƙarya ne, gara na son saiwar ƙaramin turare ko daga ina ya fito, a shekarar farko sai da muka sa magani a ramuka muka kwashe busassun karare daga gindinsu, duk da haka ta ɗauki nata. Ciyawa ma in ka bari ta rufe shi a watannin farko ya tsaya cak. Awaki ba su cika damuwa da ganyen ba amma suna karya ƙanana, shinge dole ne.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne iska. Dashen da ya fito daga ƙwayar iri yana da saiwa guda da ke nutsawa ƙasa kai tsaye, shi kuwa na kwalba ko na yanka saiwoyinsa daga gefen kara suke fitowa, to ga saurin tsawo ga baƙar laka da ke yin taushi in ta sha ruwa, habub, wato guguwar ƙurar nan tamu, na farkon damina ta biyu ya kwantar mana da wasu a layin gabas, muka tayar muka tokare muka tara musu ƙasa, yawanci sun miƙe. Injiniyar ta ce a rage yawan ban ruwa kaɗan kaɗan a riƙa yin mai yawa a jima ba a yi ba, don saiwa ta bi ruwa ƙasa, kuma mun ga amfanin hakan.

Sannan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, a tsakiyar 2024 kuma ya iso yankinmu lokacin da Sinja ta faɗi, kowa ya san abin da mutane suka gani, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu lafiya. Gona ta zauna wata da watanni ba mai kula da ita, ba man injin ban ruwa, ba kowa. Da muka samu komawa na tafi ne da zuciyar cewa ba zan tarar da komai ba, don gas ya yi wuya ko'ina mutane sun koma itace da gawayi, kuma ba na ganin laifin mai yunwa da ya sari itace ya dafa wa 'ya'yansa abinci. An sari na bakin hanya, amma kututturan har sun sake toho, don turare haka yake in aka sare shi ƙasa ƙasa yana dawowa. Sauran suna tsaye. A layukan iri an samu waɗanda suka bushe ɗai ɗai nan da can, 'ya'yan bishiyar kawu kuwa sun zubar da ganye sun rame amma kusan duk suna da rai, halin uwarsu kenan, ita ma haka take yi da rani.

Yanzu in ka tsaya a bakin layi ka duba, kaurinsu kusan ɗaya, tsawonsu kusan ɗaya, miƙe sambal, ɓawon ma launi ɗaya. A layin iri akwai ɗaya ko biyu da suka fi kowane na kwalba girma, wannan gaskiya ne kuma ya kamata a faɗa, amma kusa da su ga tsumburarru ga karkatattu. Mai sayen sandunan rufi da na tokare rufin kankare da ya zo dubawa bai tsaya zaɓe a ɓangaren kwalba ba, layi ya ƙirga ya yi kuɗi. Ga gidaje da yawa da suka lalace ana son gyarawa, sanda miƙaƙƙiya ba za ta rasa mai saye ba a shekarun nan.

Amma wannan kamannin nasu shi ne kuma hatsarinsu, kuma ɗakin gwajin bai ja mana kunne a kai ba sai da na bincika da kaina. Duk gonar bishiya ɗaya ce aka maimaita, cutar da ta iya kama ɗaya ta iya da duka. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro da ke sa ƙwai a jijiyar ganye da ɗanyen reshen turare wurin ya yi ƙulli-ƙulli, an fara lura da shi a Gabas ta Tsakiya a shekarar 2000, cikin 'yan shekaru ya bazu har Kenya da Yuganda da Habasha, kuma jan turaren nan namu yana cikin waɗanda ya fi so. Wasu bishiyoyin suna jure masa wasu ba sa jurewa. Shi ya sa manyan kamfanonin da suka daɗe a harkar ba sa dogara da uwa ɗaya, suna riƙe da iyaye da yawa su dasa su kashi kashi.

Su ɗin ma, da na duba yadda suke yi, ba kowane dashe suke fitarwa daga kwalba ba, tsada zai yi. A Burazil tun ƙarshen shekarun 1970 suka fara dasa turare na yanka a manyan gonaki, yau suna sarewa a shekara 6 zuwa 7 su yi takarda da shi. A Indiya kamfanin ITC ya yi irin haka da ƙananan manoma a yankin Bhadrachalam. Kenya ta shigo da nata zaɓaɓɓun daga Afirka ta Kudu a 1997 ta riƙa hayayyafawa a Karura kusa da Nairobi. Abin da ake yi shi ne kwalba ta ba ka tsabtatattun iyaye masu ƙuruciya, ka dasa su kusa da juna a ɗan lambu ka riƙa datse su kada su yi tsawo, tohon da suke fitarwa ka yanka ka tsoma gindinsa a garin maganin saiwa ka kafa a yashi ƙarƙashin leda, ya yi saiwa. Mun gwada da tohon kututturan da aka sare mana, ba duka suka kama ba amma waɗanda suka kama sun isa su nuna abin mai yiwuwa ne a ƙauye, ba wutar lantarki ba komai sai rumfa da leda da mai haƙurin fesa ruwa. Don haka in za a ji tawa, kada mutum ɗaya ya zuba kuɗin dashe dubu na kwalba, kuɗin guda ɗaya zai saya maka na iri masu yawa, gara mutum biyar ko goma su haɗu, kowa ya kawo bishiyar da ya yarda da ita, a biya a fitar da 'yan kaɗan daga kowacce, sauran a ƙarasa a gida.

Kuma a zaɓi uwar da idon basira, don ɗakin gwaji ba ya gyara itace, abin da ka kai shi zai dawo maka da shi. Bishiyar da ta yi ƙiba don tana bakin rijiya ita kaɗai ba lallai ta fi ba, a duba wadda ta fi 'yan uwanta alhali a wahala ɗaya suke, kuma a irin ƙasar da za a dasa 'ya'yan.

Wanda itacen girki ko gawayi kawai yake so, wannan hanya ba tasa ba ce, dashen iri na hukumar gandun daji ya ishe shi, karkatacce da miƙaƙƙe duk wuta ɗaya suke ci. Haka mai son cika sharaɗin dokar nan ta barin kashi 5 cikin ɗari na gonar ban ruwa da kashi 10 na gonar damina ga itatuwa, ba sai ya je kwalba ba, ga bagaruwa ga dakwara ga darbejiya, dakwara ma har ƙaro za ta ba shi. Kuma turare na kwalba ne ko na iri mashayin ruwa ne, kada a sa shi jikin katanga ko kusa da rijiya ko a bakin fegin albasa da ayaba, saiwarsa za ta shiga ta ƙwace, mun ga haka a layin da ke kusa da lambun maƙwabci sai da muka haƙa rami tsakani muka datse saiwoyin. Mun riga mun ga abin da miskit ya yi a Kassala da Tokar, itacen da aka kawo don tare hamada har sai da gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi a 1995, turare ba ya yaɗuwa haka amma darasin sa itace inda bai dace ba ɗaya ne.

Mutanen ɗakin gwajin sun watse lokacin yaƙi, kwalabensu duk sun mutu da wuta ta ɗauke, har da ragowar na bishiyar kawu da suka ajiye mana. Kwanan baya yaron nan ya kira ni ya ce wasunsu sun sake haɗuwa sun fara ƙaramin aiki da sola, ayaba tukuna. Na ce masa zan dawo, kuma da gaske nake, don aikin hannunsu mai kyau ne, tsabtarsu da gaskiyar abin da suka ba mu ba ni da ta cewa. Wannan karon maikurotika muke so su yi mana, irin turaren nan da aka daɗe ana dasawa a gonakin Jazira saboda jure baƙar laka da ƙishirwa, akwai wasu guda biyu masu kyau a gonar wani dattijo a hanyar Sennar ya kuma yarda a sassaƙe gindinsu. Sharaɗina da na gaya masa shi ne a rubuta watan da za a ba mu a takarda, in abu ya ɓaci a kira mu kafin ruwan farko, kuɗi kashi uku ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ba gaba ɗaya ba, kuma ba za mu karɓi ko ɗaya ba sai wanda ya yi aƙalla wata guda a rana a gandunsu. Ya ce zai kai wa injiniya maganar.